Wanda Bai Waiwaya Ba

Klimontow, Oktoba 1887

Zuwa ga Pan Kajetan Morawa, mai zane, a Krakow.

Yabo ya tabbata ga Yesu Almasihu. Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya.

Bayan haka, ba ka san ni ba, ni ma ban san ka ba, kuma da an bi ta tawa da haka za mu mutu. Ni ce Teofila Bielska, matar Hipolit Bielski, wanda Rashawa suka kama a tawayen sittin da uku, suka kora Sibiriya, ya rasu a hanya.

Ranar Lahadi muna fitowa daga coci, Pani Kunegunda, matar mai kantin magani, ta tare ni a gaban jama'a. Ta dawo daga Krakow ke nan da sabuwar hula da sabon labari.

"Tosia, 'yar'uwa, na ga mijinki!" in ji ta. Ta bari na dafa katanga tukuna ta ƙarasa. "Wato na ga ƙeyarsa. A wani ƙaton zane, ya kai bangon cocin nan. Mutanenmu ne da aka kora, a dutsen iyakar Sibiriya, kowa ya juyo yana kallon gida yana kuka, wasu har suna sumbatar ƙasa. Shi kaɗai ya ba mu baya, kamar wanda aka yi wa rowar miya."

Na ce, "Kunegunda, ke da ba ki taɓa ganin gabansa ba, ina kika san bayansa?"

Ta ce ai an rubuta sunan kowa a ƙasa. Ta ƙara da cewa wani mai gilashi a kusa da ita ya ce, "Wannan shi ne wanda ya sallama ƙasarsa."

To, Pan Kajetan, me mijina ya yi maka? Fenti ne ya ƙare da ka zo kansa? Ko shekara ba mu rufa da aure ba ya shiga daji da bindigar farauta saboda ƙasar nan. An ƙone gidanmu, ba ni da hotonsa ko ɗaya. Yau an ce ga mutumin da ya san shi, ya kuma iya zane, sai ya zana mini ƙeya.

Ka juyo da shi. Abin da nake nema ke nan. Amsarka ka ba Szymon mai fito, shi ke ƙetare kogin iyaka da takardunmu, don na gidan waya sai jami'in Rasha ya karanta su kafin ni.

Ka huta lafiya,
Teofila Bielska

*

Krakow, Nuwamba 1887

Zuwa ga Pani Teofila Bielska mai daraja.

Har abada abadin, amin. Ina sumbatar hannunki, ina kuma roƙon Allah ya sa sanyin bana ya zo miki da sauƙi.

Takardarki ta iso, na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Ban san kina raye ba. Da na sani, da ni zan fara rubuto miki.

Pan Hipolit bai yi mini komai ba sai alheri. Bari in faɗa miki yadda ake tafiyar da mu. Bayan an aske wa kowa rabin kai, an sa masa mari a ƙafa, sai a jera mu ɗaya bayan ɗaya a kan doguwar sandar ƙarfe, a ɗaure hannun kowa a jikinta. Inda aka sa ka ranar farko, nan ne wurinka har ka isa ko ka faɗi. Ni a bayan mijinki aka sa ni. Abin da nake kallo daga safe zuwa faɗuwar rana shi ne ƙeyarsa, da facin rawaya da ke bayan rigarsa, da kafaɗarsa ta hagu da ta ɗan fi ta dama sauka. Na san bayan nan fiye da yadda na san fuskar mahaifiyata.

A kan duwatsun Ural akwai wani ginshiƙi, gefe ɗaya ƙasashenmu, gefe ɗaya Sibiriya. A nan ko Kosak mafi mugunta cikin sojojin da ke kora mu yakan tsayar da ayari ya ce a yi bankwana. Muka juya yamma, muka yi kuka kamar yara. Shi bai juyo ba. Ya tsaya ƙyam yana kallon gabas har aka ce mu tafi. Wasu daga cikinmu sun zage shi ranar. Ban san dalilinsa ba. Abin da na gani na zana.

Game da fuskarsa, Pani, ki yi mini uzuri. Na gan ta mana, amma a ɗakunan kwana na hanya, cikin hayaƙi da duhu, bayan gemu ya rufe ta. Wadda ta zauna mini a ido kuwa ita ce ta kwanakinsa na ƙarshe, kuma wannan ba zan ba ki ita ba ko za ki kai ni ƙara.

Amma ke kin san ta tun tana da kyau. Ki siffanta mini shi, in gwada. Hannuna na dama har yanzu da sauran yatsunsa.

Bawanki mai biyayya,
Kajetan Morawa

*

Klimontow, Disamba 1887

Pan Kajetan,

Yabo ya tabbata ga Yesu Almasihu. Ina gaisuwa, ina kuma yi maka barka da Kirsimeti tun kafin ta zo. Ga gutsuren farin burodin bikin na sa a cikin takarda. Na ci rabina, ka ci naka, faɗa ya ƙare. Ɗan'uwana kullum yana cewa bakina yana riga hankalina fita daga ɗaki.

Ka ce in siffanta shi. Na ɗauka abu mai sauƙi ne. Na zauna da alƙalami har miya ta ƙone a murhu, ga abin da na samu: dogo ne, gashinsa kamar busasshiyar ciyawa, yana da gashin baki da yake taunawa in yana tunani. Na karanta, sai na ga ai rabin mazan ƙasar Poland ke nan.

Idonsa fa? Na ce shuɗi. Ƙanwarsa Balbina ta ce kore. Muka yi ta musu kamar za mu cinye juna, can sai muka gane babu wadda ta tabbata.

Bari in faɗa maka gaskiya, tun da ba za ka kai wa Kunegunda ba. Fuskar ta tafi. Ban san ranar da ta tafi ba. Ina tuna hannunsa, akwai tabon lauje a babban yatsa. Ina tuna yadda yake kurɓar miya da ƙara har in ce masa, "Hipolit, aladu ma sun ji kunya." Ina tuna ƙamshin taba a rigarsa. Amma in na kai ga fuska, sai in ga kamar tagar da tururi ya rufe. A mafarki ma haka yake zuwa.

Ga kuma abin da ya sa nake gaggawa. Shekarun nan duk ɗinkin rigunan coci ke ciyar da ni, zaren zinariya a kan farin yadi, ya cinye mini ido. Yanar ido ta hau duka biyun. Likitan Sandomierz ya ce in ina da abin da nake so in gani, in gan shi kafin girbi mai zuwa. Na ce masa abu ɗaya ne, kuma ba a kantinsa yake ba.

Ka gwada da abin da na ba ka. Hancinsa dai na san ya ɗan karkata dama, doki ya taɓa harbinsa yana yaro. Sannan ka gaya mini wata magana da ya yi a hanya, ko wace iri ce. Fadan cocin da ya kawo mini labarin rasuwarsa bai san komai ba sai cewa ya rasu.

Gobe jajibirin Kirsimeti, zan ajiye farantin baƙon da ba a san zuwansa ba a tebur kamar kowane gida. Kowa ya san na wane ne nawa.

Allah ya tsare ka,
Teofila

*

Krakow, Janairu 1888

Pani Teofila mai daraja,

Har abada abadin, amin. Ina sumbatar hannunki. Na ci burodin ni kaɗai a ɗakin aikina, kuma rabon da wani ya gutsura shi tare da ni tun kafin tawaye.

Ga fuskoki uku na zana da gawayi, na yi layukan da kauri saboda idonki. Ban yarda da ko ɗaya ba, amma ke ce alƙali.

Kin nemi maganarsa. Ba mai yawan magana ba ne, amma yana da tsokana. Ni ɗan birni ne, ɗan makarantar zane a Warsaw, ban taɓa tafiyar da ta wuce kasuwa ba. Idan ya ji ina nishi a bayansa sai ya ce, "Mai fenti, kana nan, ko in rubuta wa babarka?" In na ce ina nan, ya ce, "To taka inda na taka." Duk wannan ba ya juyowa. Magana yake jefowa ta kan kafaɗa.

Wata rana na faɗi a cikin ƙanƙara, sandar ta ja mutum biyar ƙasa, Kosak ya taho da bulala. Mijinki ya miƙo hannunsa da ba a ɗaure ba ta baya, ya laluba har ya kama wuyan rigata, ya ɗaga ni kamar ɗan kyanwa. Haka ya ja ni har masauki. Ko a nan bai waiwaya ba. Baƙin burodinsa ma ta baya yake miƙo mini.

Bayan abin da ya faru a ginshiƙi, wani tsohon soja a cikinmu ya tare shi a masauki.

"Kai Bielski, dutse ne a ƙirjinka? Ko karen da aka sayar yana waiwayen gidan ubangidansa."

Pan Hipolit yana gyara tsumman da yake naɗe marinsa da shi, ya ce, "Gida yana nan inda na bar shi, baba. Mai waiwaye ba ya dawowa, mai miƙe wuya shi ke cin miyar maraice."

Aka yi tsaki aka watse. Ni ma na ɗauka taurin rai ne irin na mutanen karkara. Daga baya na ji ya maimaita ta sau da yawa a hanya, a hankali, kamar mai jan carbi.

Ban sani ba ko wannan zai yi miki wani amfani. Shi ne abin da nake da shi.

Bawanki,
Kajetan Morawa

*

Klimontow, Fabrairu 1888

Pan Kajetan,

Yabo ya tabbata ga Yesu Almasihu. Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da jinkiri, na kwanta ne, ba kuma sanyi ya kwantar da ni ba.

Fuskokin sun iso. Ta farko wani waliyyi ne na jikin tagar coci. Ta biyu mijin Kunegunda ne sak, har na so in aika mata. Ta uku na sa ta a gaban fitila na daɗe ina roƙonta, amma ba shi ba ne. Ba laifinka ba ne. Ba ka iya zana abin da mai shi ta zubar.

Maganar da ka rubuto kuwa, Pan Kajetan, tawa ce.

Ku 'yan Warsaw ba ku san wannan ba. A ƙauyukanmu matafiyi ba ya waiwaye in ya fita daga ƙofa, in ya yi, hanya ta riƙe shi. Kakata ce mai wannan karin maganar, da miyar maraicen da komai. Kowa take faɗa wa, har mai zuwa kasuwa sayar da agwagi. Ni ma a bakinta na ɗauka, ina faɗarsa kamar yadda ake cewa a sauka lafiya.

Ranar da za a fita da su daga kurkukun Sandomierz, mu mata muka cika bakin ƙofa. Ya fito a cikin layi, ya wuce ni bai gan ni ba. Na ƙwala masa kira. Na ga wuyansa ya fara juyowa, sai tsoro ya kama ni, na yi ihu, "Kada ka waiwaya! Mai waiwaye ba ya dawowa!" Ya tsaya cak. Ya ɗaga hannu sama, ya miƙe wuya, ya tafi.

Wallahi na manta na faɗa. Abin da na riƙe shi ne ban ga fuskarsa ba ranar, har nakan ji haushinsa a kan haka. Ashe magana zarar bunu ce. Ni na jefa ta na koma gida, shi ya ɗauke ta ya ƙetare duwatsu da ita, ya sha zagi a kanta, duk don ya dawo mini. Da na yi shiru, da na ƙara ganinsa sau ɗaya, da wataƙila fuskar ta zauna.

Zuciyata ta karye, ba ni da wata kalmar da ta fi wannan. Ya cika umarnin kakata har ƙarshe, hanya kuma ta riƙe shi duk da haka.

Ka gaya mini yadda ya ƙare. Kada ka tace mini.

Teofila

*

Krakow, Maris 1888

Pani Teofila mai daraja,

Har abada abadin, amin. Ina sumbatar hannunki duka biyu.

Da na gama karanta takardarki na tafi zauren da zanen yake, na tsaya a bayan mijinki kamar da, na nemi gafararsa a madadin duk wanda ya yi tsaki ranar.

Ga yadda ya ƙare. Bayan Tobolsk zazzaɓin kurkuku ya shiga ayarinmu. Ya kama shi, ya ci gaba da tafiya da shi har ƙafa ta ƙi. Aka bar mu a wani masauki na katako, ni ma saboda yatsuna da sanyi ya ci. Bai daɗe ba. Ranar ƙarshe ya tambaye ni, "Mai fenti, ina ne yamma?" Na nuna masa bangon da ƙofa take. Na ɗauka so yake in juya shi can, har na kama kafaɗarsa. Ya ture hannuna, ya ce, "A'a. Ban isa ba tukuna." Ya juya wa ƙofar baya, ya kira sunanki irin na gida, Tosia. Kafin a kawo ruwan zafi ya cika.

Sai da muka hura wuta a kan ƙasa kafin ta haƙu. Da za mu sa shi, tsohon sojan nan da ya zage shi ya ce, "Ku juyar da shi, ko yana so ko ba ya so." Muka kwantar da shi a gefensa, fuskarsa tana kallon yamma. Tun ranar, Pani, ke yake kallo.

Saura magana ɗaya. Dattawan ƙungiyar tsofaffin 'yan tawaye, waɗanda suka ba ni zauren, sun matsa mini. Sun ce baƙi suna tambaya, kuma bai dace a ce ɗan Poland ya ba ƙasarsa baya ba. Ko in juyo da shi, ko in goge sunansa. Zan iya juyo da shi. Zan ba shi fuska mai kyau, da karkataccen hanci, babu wanda zai ce ba shi ba ne. Wataƙila in kika kalle ta da sauran ganinki, ta zauna miki a madadin waccan.

Na ce musu ba ni da iko a kan wuyan mutumin nan. Akwai mai iko, ita nake jira.

Bawanki har kullum,
Kajetan

*

Klimontow, Mayu 1888

Pan Kajetan,

Yabo ya tabbata ga Yesu Almasihu. Ka yafe girman rubutun, layin ma lalube nake yi.

Na zo Krakow. Szymon ya ƙetare da ni a cikin matan da ke kai ƙwai kasuwa. Kana cikin zauren zanen ranar. Kai ne ka kawo wa wata tsohuwa mai baƙaƙen kaya kujera, ka ce, "Zauna, iya, kin sha hanya." Ban faɗi sunana ba, don da na faɗa da mun yi kuka mun tara mutane. Ka fi yadda na zata rama. Ka riƙa cin abinci.

Fuskokin da ke cikin zanen naka duk ban gan su ba, hazo ne kawai. Amma da na matsa kusa na ga kafaɗar. Shi ne. Haka na gan shi a bakin ƙofar kurkuku, ko gashi ɗaya ba ka rage ba.

Na taho da magana a bakina tun daga gida. Na yi niyyar in ce masa, Hipolit, na janye, waiwayo in gan ka. Na tsaya a bayansa, na buɗe baki, sai maganar kakata ta fito.

Ka gaya wa dattawanka su bar mini mijina. Wancan na Sibiriya ya kwanta, na gode da kuka juyar da shi. Wannan kuwa yana tsaye, bai waiwaya ba tukuna. Kada ka taɓa shi. Yana hanya.

Ka huta lafiya,
Tosia